Wai malaman shari'ar nan da suka ce alkalai za su hana kasashe yaki, sun ci nasara kuwa?

Dan_Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum yan uwa. Don Allah masu ilimin shari'a da masu bin tarihi ku taimaka min, akwai abin da ya tsaya min a wuya tun satin da ya wuce. Malaminmu ne ya ba mu aiki mu rubuta shafi goma a kan wasu masana shari'a da aka ba kyautar Nobel ta zaman lafiya, wai saboda sun yi ta fafutukar kasashe su rika kai rigimarsu gaban alkalai maimakon daukar bindiga. Ya lissafo mana Louis Renault na Faransa da ya samu a 1907, da Tobias Asser na Holan 1911, da Elihu Root na Amurka 1912, sai Henri La Fontaine na Beljiyam 1913.

To ni da na jera shekarun nan a takarda wallahi dariya ce ta kama ni. An ba na karshen a 1913, a shekarar dai aka bude katon ginin nan da suke kira Fadar Zaman Lafiya a birnin Hague wanda attajirin Amurka Carnegie ya ba da kudin gina shi, shekara daya tak bayan haka yakin duniya na daya ya barke, kuma ita kanta Beljiyam din La Fontaine tana cikin kasashen da Jamus ta fara takewa ta wuce. To ina amfanin badi ba rai? Yau ma ga Gaza ga Yukren ga Sudan, kotun tana nan alkalai na sanye da rigunansu amma ba a fasa kashe mutane ba.

Ba na so in zauna in cika shafi goma da yabo kawai don in samu maki alhali zuciyata ba ta yarda ba. Akwai wani yaki ko daya da za a nuna a ce ga shi, shari'a ce ta hana shi? Ko dai duk lakca ce da cin abinci a otal?


Barista_Tudu ya rubuta:

Wa alaikumussalam ƙanina. Tambayarka tana kan hanya, kuma kar ka ji tsoron sa ta cikin aikin, malamin kirki ya fi son ɗalibin da ya yi gardama da hujja. Amma ka fara lissafinka daga 1872 ba daga 1914 ba, in ba haka ba za ka ɗauka mutanen nan mafarki kawai suke yi.

Lokacin yaƙin basasar Amurka 'yan tawayen kudu sun sa an ƙera musu jirgin ruwan yaƙi a Ingila, a Birkenhead kusa da Liverpool, sunansa Alabama. Ya fita teku a 1862 ya yi ta kama jiragen kasuwancin arewa yana ƙonawa, sama da 60, har aka nutsar da shi a gaɓar Faransa a 1864. Da yaƙi ya ƙare sai Amurka ta ce wa Birtaniya ke kika ce ba ruwanki da faɗanmu amma kika bari aka ƙera shi a gidanki, sai ki biya. Magana ta yi zafi har wasu manya a majalisar Amurka suna cewa a ba su Kanada a madadin diyya. A ƙarshe dai a 1871 suka sa hannu a Washington cewa mutum biyar za su yanke, kowa ya kawo ɗaya, Italiya da Suwizalan da Brazil su kawo sauran ukun. Suka zauna a Geneva, a Satumbar 1872 suka ce Birtaniya ta biya dala miliyan 15 da rabi na zinari. Alƙalin da Birtaniya ta kawo ya fusata ya ƙi sa hannu, amma gwamnatinsa ta biya kuɗin nan cas. Ka tuna a lokacin ita ce giwar duniya, ba wanda ya isa ya tilasta mata.

Wannan ne ya ba malaman nan ƙwarin gwiwa. Shekara ɗaya bayan haka, 1873, mutum 11 suka haɗu a garin Ghent na Beljiyam suka kafa cibiyar nazarin dokokin ƙasa da ƙasa, Asser yana cikinsu yana ɗan shekara 35, ita ma cibiyar an ba ta Nobel ɗin a 1904.

Ka kuma bambance abu biyu don ɗalibai da yawa suna haɗa su. Mai shiga tsakani shawara yake bayarwa, ka ga dama ka ɗauka ka ga dama ka watsar. Su kuwa alƙalan sasanci ku biyun ne kuke zaɓarsu da kanku, kuma tun kafin su buɗe baki kun riga kun ɗaure kanku cewa duk abin da suka ce shi ke nan. Kamar 'yan kasuwa biyu ne a Kwari da suka ce mu je wajen dattijo wane, duk abin da ya yanke mun yarda. Abin da taron Hague na 1899 ya yi, wanda Sarkin Rasha Nicholas na biyu ya kira, ƙasashe 26 suka halarta, shi ne ya tsara wannan a rubuce. Suka kafa abin da suka sa wa suna kotun sasanci ta dindindin, wadda a gaskiya ba kotu ba ce mai alƙalai a zaune, jerin sunaye ne da ofis, kowace ƙasa ta ba da mutum har huɗu, in rigima ta taso a zaɓa daga ciki. Shari'ar farko a 1902 tsakanin Amurka da Meziko ce kan wasu kuɗin coci, Asser na cikin waɗanda suka yanke.

Shi Asser mutum ne mai son abin da zai yi aiki gobe da safe, ba mai dogon wa'azi ba. Taron da ya assasa a 1893 a kan irin waɗannan ne: in ɗan Holan ya auri Bafaranshiya suka rabu a Jamus dokar wa za a bi, wa zai riƙe yara, yaya gado. Tunaninsa in ƙasashe suka saba warware ƙananan abubuwa da doka wata rana za su kawo manyan. Renault kuwa farfesa ne a Paris, shi ne gwanin tsara kalmomin yarjejeniya a tarukan 1899 da 1907.

Ka ce a nuna maka yaƙin da aka hana. A Oktobar 1904 jiragen yaƙin Rasha suna kan hanyar zuwa yaƙi da Japan, da dare a tekun arewa suka ga jiragen masunta 'yan garin Hull na Ingila suka ɗauka na Japan ne suka buɗe musu wuta, aka kashe masunta. Jaridun Ingila suka haukace, aka sa jiragen yaƙin Birtaniya cikin shiri. Tsarin bincike da aka rubuta a 1899 aka ɗauko, manyan hafsoshin ruwa biyar suka zauna a Paris, Rasha ta biya diyya, wuta ta mutu. Haka rigimar Casablanca ta 1908 tsakanin Faransa da Jamus a kan sojojin da suka gudu daga rundunar Faransa ofishin jakadancin Jamus ya ba su mafaka, Hague aka kai, Renault na cikin alƙalan, 1909 aka rufe maganar.

Inda gizo ke saƙar shi ne malaman sun so a ce dole ne, manyan ƙasashe musamman Jamus suka ce a'a, a 1899 da kuma 1907. Yarjejeniyoyin da aka riƙa sa wa hannu kuma sai a saka wani sharaɗi, wai ban da abin da ya shafi mutuncin ƙasa da muhimman muradunta. To wane yaƙi ne ba a ce na mutunci ba ne? A Yulin 1914 Sabiya a amsar da ta ba Ostiriya ta ce in ba a gamsu ba a kai Hague. Sarkin Rasha ma ya buga wa Sarkin Jamus waya ranar 29 ga Yuli ya kawo shawarar haka. Ba wanda ya kula. Ƙofar tana buɗe, masu son faɗa ne suka ƙi shiga.


Bagobiri_Konni ya rubuta:

Barista ranka shi dade bayani ya yi kyau amma ka tsallake mu, kuma wanga tsallakewa ita ce dukan maganar a wurina.

Yaro duba kwanan wata. Taron Hague anka bude ranar 18 ga Mayu 1899. A cikin wanga wata na Mayu din sojojin Faransa karkashin Voulet da Chanoine sunka shiga Birnin Konni garinmu sunka kone shi sunka kashe mutane ba adadi, kafin nan a watan Afrilu sun yi da Sarauniya a Lugu. Har yau tsofaffi na ba da labarin a gidajenmu, ba a littafi muka fara jin shi ba. To a cikin wanga wata shi Renault yana zaune a Hague da sunan Faransa yana gyara wakafi da aya a dokar yaki. Ban ce shi ya aiko su ba, kuma na san ita kanta gwamnatin Faransa ta tura Kanar Klobb ya tsayar da su har Voulet ya sa anka harbe shi a watan Yuli. Amma dokar da sunka rubuta ba ta san da mu ba sam, tsakaninsu ce su kasashen da sunka kira kansu masu wayewa. Kasar Afirka ko daya babu a teburin nan.

Kuma ba boyewa sunka yi ba. A taron nan da anka zo maganar hana harsashin dumdum mai fashewa cikin jiki, wakilin sojan Birtaniya Ardagh tashi ya yi ya ce su suna bukatarsa don yaki da mutanen daji, wai harsashi na yau da kullum ba ya tsayar da su. Birtaniya ta ki sa hannu a lokacin. Shekara hudu bayan haka 1903 sunka ci Kano da Sakkwato sunka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi. Wace kotu za ya kai kara?

Cikin mutum 11 din nan na Ghent da ka ambata akwai James Lorimer na Edinburgh, shi ne ya kasa yan Adam kashi uku, masu wayewa da rabin wayewa da na daji, ya ce na farko ne kadai ke da cikakken hakki a doka. Akwai Gustave Moynier wanda ya shugabanci Red Cross, shi din dai ya zama karamin jakadan Kongon Sarki Leopold a Suwizalan, Kongon da anka rika yanke wa mutane hannu saboda roba. Shi kuma Root da anka ba ka a lissafi, ministan yakin Amurka ne daga 1899 zuwa 1904 lokacin da suke murkushe mutanen Filifin. Ka sa wanga a aikinka don Allah.

Abin da ya fi ba ni haushi, iyakar da ta raba Konni da Illela ita ma ai zaman lafiya ce a wurinsu. Ingila da Faransa ba su yi yaki a kanmu ba, zama sunka yi a 1898 sunka dora tsinin abin zane a kan Sakkwato sunka ja baka mai nisan mil 100, daga baya a 1904 da 1906 sunka gyara don Faransa ta samu hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Su sun sasanta lafiya lau. Mu kuma kanwar uwata na Illela ni ina Konni, in anka rufe boda kamar 2019 ko 2023 sai mu bi ta daji kamar barayi.


Ummu_Sumayya ta rubuta:

Ni ba lauya ba ce, malamar islamiyya ce, amma Dan_Kurna kar ka rubuta kamar a Turai aka fara tunanin nan. Tahkimi, wato masu rigima su zabi wanda zai yanke musu hukunci, sananne ne a fikihu. Tun kafin a aiko Annabi SAW da Kuraishawa suka kusa zubar da jini a kan wa zai dora Hajarul Aswad, ai yarda suka yi cewa wanda ya fara shigowa shi zai raba gardamar, ya shimfida mayafi kowace kabila ta kama gefe. Kowa ya koma gida bai ji an kaskantar da shi ba, ka rike wannan. A suratun Nisa'i aya ta 35 an ce a tada hakami daga dangin miji da hakami daga dangin mata, kusan tsarin da Barista ya fada ke nan na kowa ya kawo nasa. Sannan Imam Muhammad ash-Shaibani almajirin Abu Hanifa, wanda ya rasu 189 bayan hijira, ya yi rubutu mai fadi a kan siyar, wato hukuncin yaki da sulhu da amana da jakadu da fursunoni, fiye da shekara 800 kafin Grotius dan Holan da suke cewa shi ne uban fannin ya fitar da nasa a 1625.

Amma abin da na fi so ka duba suratul Hujurat aya ta 9. An ce in bangarori biyu na muminai suka yi fada a sulhunta su, in daya ya yi zalunci a yaki azzalumin har ya dawo, in ya dawo a yi sulhu da adalci. Wato sulhun yana da karfi a bayansa. Su malaman naka sun gina rabin farko, rabi na biyun ne ba su samu ba.


Sadauki99 ya rubuta:

Ku bar wahalar da kanku, kotun da ta ce a kama Albashir tun 2009 mutumin ya yi ta yawonsa har Abuja ya zo ba wanda ya taba shi, ita ce za ta hana yaki? Kotun yan Afirka ce kawai


Alhaji_Banda ya rubuta:

Yarana sannunku. Jikana ne ya nuna min wannan hira yake rubuta min abin da nake fada, don idona ba ya ganin kananan rubutun waya.

Ni na yi fataucin kifi banda a tafkin Chadi fiye da shekara 20, daga Doron Baga muke shiga. Da ruwa ya rika janyewa bayan farin shekarun 1970 da 1980 mutane bin sa suka yi, duk inda ruwa ya tsaya a kafa bukka, bukka ta zama gari. Haka Darak ta cika, Hausawa da Kanuri da Shuwa da wasu kabilu har daga Mali. Ba wanda ya ga wani layi a kasa. Naira muke kashewa, hukumar Borno muka sani, akwai yan sandanmu akwai makaranta. Da za ka tambaye ni a lokacin in rantse maka Najeriya nake.

Kamaru ta kai kara a 1994, kowa Bakassi yake ji a rediyo saboda can ne ake maganar mai kuma can sojoji suka yi ta harbin juna, ba a san har da mu a ciki ba. Ranar 10 ga Oktoba 2002 muka ji a sashen Hausa cewa kotu ta ba Kamaru Bakassi, ta kuma ba ta Darak da kauyukan da ke kewaye. Lauyoyinmu sun ce ai mutanenmu ne a wurin mu ke mulki shekara da shekaru, alkalai suka ce takardun da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a 1919 da 1931 su ne magana, zama a wuri ba ya kashe takarda. Na Bakassi kuma takardar Ingila da Jamus ce ta 1913. Dan Konni gaskiyarka, layin Bature ne ya ci mu.

A Disambar 2003 aka sauke tutarmu aka daga tasu, kauyuka sama da 30. Na ga dattawa suna hawaye. Wasu suka kwashe suka dawo ta bangarenmu, wasu suka zauna suka koyi hulda da jandarmomi da kudin sefa, ni ma na yi asarar rumfa da wasu basussuka da har yau ban karba ba.

To amma yaro tunda gaskiya ka tambaya. Lokacin akwai masu zuga a yi yaki, suna cewa sojan Najeriya zai shiga Yawunde kafin azahar, duk masu fadar haka suna birni. Mu da ke bakin ruwa mun san a kan wa harsashin zai sauka. Ban ji dadin hukuncin ba har gobe, kuma ban taba ganin alkalan nan ba ban san sunan ko daya ba, amma yarana uku da ke tare da ni a lokacin duk suna raye sun yi aure. Abin da ya zo ya tarwatsa tafkin daga baya ba Kamaru ba ce, kun san ko su waye.


Barista_Tudu ya rubuta:

Allah ya ƙara lafiya Baba, wannan ya fi duk abin da zan kawo daga littafi.

Sadauki ka haɗa kotu biyu. Wadda ta nemi Albashir kotun manyan laifuka ce da ta fara aiki a 2002, mutane take tuhuma. Wadda Baba yake magana kotun Majalisar Ɗinkin Duniya ce, ƙasa da ƙasa kawai take yi wa shari'a, ta gaji wadda aka tsara a 1920 da Root yana cikin kwamitin da ya rubuta dokarta. Duk a Hague suke, rediyo kuma duk kotun duniya take ce musu shi ya sa ake ruɗewa.

Ɗan uwana na Konni ban musa ko ɗaya ba, kuma zan ƙara maka. A 1960 Habasha da Laberiya sun kai Afirka ta Kudu ƙara a kan Namibiya, bayan shekara shida ana shari'a, a 1966, ƙuri'a ta yi kunnen doki, shugaban kotun Percy Spender ɗan Ostireliya ya jefa tasa ya ce masu ƙarar ba su da hurumi. Afirka ta juya wa kotun baya shekaru. Amma abin da ya biyo baya shi nake so Dan_Kurna ya sa, don lissafin malaminku ya tsaya a Turawa. Namu ba su ce a ƙona gidan ba, shiga suka yi. Taslim Olawale Elias ɗan Legas, ministan shari'a na farko bayan samun 'yanci, yana cikin waɗanda suka tsara kundin ƙungiyar haɗin kan Afirka a 1963, shi ya shugabanci babban kwamitin taron Vienna na 1968 da 1969 da ya fitar da dokar yarjejeniyoyi da duniya ke aiki da ita yau, ya yi alƙalin alƙalan Najeriya, ya shiga kotun duniya a 1976, ya zama shugabanta daga 1982 zuwa 1985, ɗan Afirka na farko. A 'yan Najeriya da suka zauna a kotun, kafin shi akwai Onyeama, bayan shi Bola Ajibola, wanda ya zauna a shari'ar Bakassi kuma bai yarda da hukuncin ba ya rubuta nasa daban. Mohammed Bedjaoui na Aljeriya shi ya jagoranci alƙalan da suka raba Mali da Burkina Faso a 1986 bayan sun gwabza a Disambar 1985.

Maganar layin Bature kuwa shugabanninmu ne da kansu a Alƙahira a 1964 suka ce a bar iyakoki yadda aka gada, don sun ga in aka ce kowa ya bi danginsa ba ƙasar da za ta tsaya. Kotu abin da suka ba ta take aiki da shi. Ɗaci gare shi, amma ni ban ga wani ma'aunin da zai fi shi rage jini ba.

Ga wanda ya fi burge ni. Libiya da Chadi sun yi shekaru suna yaƙi a kan zirin Aouzou. Fabrairun 1994 kotu ta ce na Chadi ne bisa yarjejeniyar Faransa da Libiya ta 1955, kafin ƙarshen Mayu Gaddafi ya kwashe sojojinsa, masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya suna kallo. Gaddafi fa. Amma ka lura sai bayan da ya sha kashi a 1987 ya yarda aka je. Tsibirin Lete da Nijar da Benin suka yi ta ja tun farkon shekarun 1960, har Nijar ta kori ma'aikata 'yan Dahomey, wato Benin ta yanzu, a 1963, a 2005 aka ba Nijar shi, aka raba sauran tsibiran, shiru kake ji.

Ga kuma inda abin ya ƙi. Alƙalan sasanci sun ba Eritiriya garin Badme a 2002, Habasha ta ƙi fita, sai 2018 firaministanta Abiy ya ce ya karɓa. Kotu ta kama Amurka da laifi a kan Nikaragua a 1986, Amurka ta fice daga shari'ar tun kafin hukunci, da aka kai kwamitin sulhu ta hau kujerar na ƙi. China ta yi watsi da hukuncin 2016 kan tekun kudancinta, wanda Thomas Mensah ɗan Ghana ne ma ya shugabanci alƙalan. Kuma in alƙalin bai tsaya tsakani da Allah ba sai ya bar wa jikoki faɗa: Martens na Rasha, babban malami a taron 1899, shi ya shugabanci raba Venezuela da Guyana ta Birtaniya a wannan shekarar, bayan shekara 50 takardar wani lauyan da ya tsaya wa Venezuela ta fito tana zargin an haɗa baki ne, ga shi har yau suna gaban kotu a kan yankin Essequibo.

Ni yadda na fahimta bayan shekarun nan, kotun ba ta taɓa tare wanda ya riga ya ɗaura ɗamarar faɗa kuma yana ganin zai ci. Amfaninta ga shugaban da ya gaji ne ko yake tsoron abin da faɗan zai ci, amma ba zai iya fitowa ya ce wa mutanensa na bar wa maƙwabci ƙasa ba. Obasanjo ba zai iya miƙa Bakassi don shugaban Kamaru Biya ya roƙa ba, amma ya iya sa hannu a Greentree ta Amurka a 2006 gaban Kofi Annan ya ce hukuncin kotu ne, 'Yar'aduwa ya cika a Agustan 2008 duk da majalisar dattawa ta yi ta ƙorafi. Mayafin da Malama ta ambata ke nan, kowa ya kama gefe.


Dan_Kurna ya rubuta:

Kai jama'a na gode wallahi, yanzu matsalata shafi goma ba zai isa ba. Na yanke zan fara da Alabama, in sa Konni da Hague gefe da gefe a watan Mayun 1899, sannan in kara Elias a lissafin ko malam bai sa shi ba, in ya rage min maki shi ke nan. Barista wannan maganar ta Sabiya a 1914 ban taba jin ta ba sai yau. Baba Alhaji don Allah ka ba ni izini in sa labarinka, ba zan sa suna ba, zan ce wani masunci ne daga tafkin Chadi.


Alhaji_Banda ya rubuta:

Sa abinka yaro. Amma ka gyara, ni ban taba jefa taru ba, saye nake in kyafe in loda a kwali zuwa Onitsha. Ka ce dan kasuwar kifi. In malamin naku yana son karin bayani jikana zai turo maka lamba ta akwatin sirri, bayan la'asar nake samun sukuni.